Wasannin harbi na kwamfuta: An bar jaki ana dukan taiki

Sama da shekara 30 ke nan duniya tana jayayya a kan wasannin harbe-harbe na kwamfuta, kuma kusan kullum maganar ɗaya ce: wai yaron da ya saba harbi a allo wata rana zai ɗauki bindigar gaske. Iyaye da malamai da 'yan siyasa duk wurin da suka zuba ido ke nan. Ni kuwa a ganina, tun wajen 2013 haɗarin ya tashi daga bakin bindiga ya koma cikin wani ɗan akwati da ake buɗewa da makulli na dala biyu da rabi. Sunan abin da ke cikin akwatin nan caca, ko da kamfanonin da ke sayar da shi sun ƙi kiransa haka.

Ga wanda bai san irin wasan da nake nufi ba, shi ne wanda kake ganin komai da idon mai riƙe da makamin. Ba ka ganin jikinka, sai hannuwa da bakin bindiga a ƙasan allo, abokan karawarka kuma mutane ne na gaske da ke zaune gaban tasu kwamfutar, wani a Jamus, wani a Turkiyya, wani a Afirka ta Kudu. Wasan Doom, wanda kamfanin id Software na Amurka ya fitar a watan Disambar 1993, shi ne ya fara yaɗa wannan salo, inda mutum huɗu za su haɗa kwamfutocinsu su yi ta farautar juna. Quake ya biyo baya a 1996 ya kai abin kan intanet. A 1999 wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ɗauki wasan Half-Life na kamfanin Valve suka sauya masa fasali, suka sa masa suna Counter-Strike. Valve ya ga yadda mutane suka yi caa a kansa, ya saye shi a 2000 ya kuma ɗauki matasan aiki. Yau jikan wancan wasa, Counter-Strike 2, wanda ya fito a Satumbar 2023, yana tara mutum sama da miliyan ɗaya a lokaci guda kusan kowace rana a dandalin Steam, wanda shi ma mallakar Valve ne.

Ya kamata a yi wa wasan adalci, domin wanda bai taɓa kallonsa ba yakan ɗauka hauka ne kawai. Mutum biyar ne ke karawa da biyar. Ɓangare ɗaya na ƙoƙarin dasa bam a ɗaya daga wurare biyu, ɗayan kuma na hana su ko ya kwance bam ɗin kafin daƙiƙa 40 su cika. Kowane zagaye bai kai minti biyu ba, wanda ya fara cin zagaye 13 shi ya yi nasara. Kowa yana farawa da kuɗin wasa 800, waɗanda ba kuɗin gaske ba ne, kuma sai an yi lissafi: AK-47 tana kan 2,700, bindigar hangen nesa ta AWP tana kan 4,750. Ƙungiyar da ta sha kashi a jere dole ta yanke shawara, ko ta kashe ɗan abin da ke hannunta yanzu, ko ta haƙura da zagaye ɗaya ta yi tanadi. Akwai sauraren takun abokin gaba, akwai raba aiki, akwai bin umarnin jagora. Abin ya fi kama da dara ko ƙwallon ƙafa fiye da yaƙi. Shi ya sa aka sha cika manyan filaye a Katowice ta Poland da Cologne ta Jamus don kallon gasarsa, shi ya sa kuma wani kamfani mallakar asusun zuba jarin Saudiyya ya biya dala biliyan 1.5 a 2022 ya sayi ESL da FACEIT, manyan masu shirya irin waɗannan gasanni.

Zargin da aka daɗe ana yi

Tsoron bindigar ya samo asali ne musamman daga abin da ya faru a makarantar Columbine ta jihar Colorado a Afrilun 1999, inda ɗalibai biyu suka kashe 'yan uwansu ɗalibai 12 da malami guda. Da aka gano suna wasan Doom, sai aka ce an kama mai laifi. Shekara 20 bayan nan, a Agustan 2019, bayan harbe-harben El Paso da Dayton, Shugaba Donald Trump ya sake ambaton wasannin bidiyo cikin abubuwan da ya ɗora wa alhaki.

To amma bincike bai goyi bayan wannan zargi yadda masu yinsa suke so ba. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar California da ta hana sayar wa yara wasanni masu tashin hankali, kuma cikin dalilanta har da cewa binciken da jihar ta gabatar bai nuna wasannin ne ke sa yara aikata ta'asa ba. A 2019 masu bincike biyu a Birtaniya, Andrew Przybylski na Jami'ar Oxford da Netta Weinstein, sun duba matasa kusan dubu 'yan shekara 14 da 15 tare da jin ta bakin iyayensu, ba su ga alaƙa tsakanin yin irin waɗannan wasanni da yawan faɗa ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, wadda ta yarda wasannin na iya ɗan ƙara zafin rai, ita ma ta ce babu isasshiyar hujjar danganta su da aikata kisa ko ta'addanci. Ga kuma hujja mai sauƙi wadda ba ta buƙatar jami'a: matasan Koriya ta Kudu da Japan na cikin waɗanda suka fi kowa wasan kwamfuta a duniya, amma kisa da bindiga a ƙasashen nan ba a cika jinsa ba.

Ba ina cewa a ba ɗan shekara takwas wasan da aka rubuta a jikinsa na 'yan 18 ne ba. Akwai jini, akwai ashar da ake zubawa ta lasifika daga bakin baƙi waɗanda ba ka sani ba, akwai kuma cin lokaci, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa yana iya kaiwa matsayin cuta ga wasu 'yan kaɗan. Duk waɗannan abin lura ne. Abin da nake cewa shi ne, yayin da ake ta kallon bindiga, an shigo da wani abu ta bayan gida.

Akwati da makulli

A Agustan 2013 Valve ya ƙara wani sabon abu a Counter-Strike: Global Offensive, bayan ya gwada shi a wani wasan nasa, Team Fortress 2, tun 2010. Bindigogin wasan suka samu fenti kala-kala. Fentin ba ya ƙara wa bindiga ƙarfi, ba ya ƙara mata saiti, ado ne zalla, kamar mutum ya yi wa babur ɗinsa kwalliya. Wasu ana samunsu kyauta in an gama wasa. Masu kyan kuwa suna cikin akwatuna, kuma akwati ba ya buɗuwa sai da makulli, makullin kuma Valve ne ke sayarwa a kan kimanin dala 2.49.

Ka sayi makulli, ka danna. Sai hotunan kaya su fara gudu a allo daga dama zuwa hagu, da ƙara tik-tik-tik, suna rage gudu a hankali har su tsaya a kan ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin injin caca zai gane abin nan take. Sau da yawa za ka ga abu mai tsada ya wuce ta gefen layin da ƙiris, zuciyarka ta ce saura kaɗan. Alhali kwamfuta ta riga ta zaɓi abin da za ka samu tun lokacin da ka danna, gudun hotunan nan wasan kwaikwayo ne kawai.

Shekaru huɗu mutane suna buɗewa ba su san rabon da ke ciki ba, sai da China ta kafa doka a 2017 cewa dole a bayyana. A nan ne aka ga lissafin. Kusan kashi 80 cikin 100 na buɗewa, kaya mafi araha ne ke fitowa, wanda galibi darajarsa ba ta kai ta makullin da aka saya ba. Wuƙa ko safar hannu, waɗanda su ne kowa ke fata, kashi 0.26 ne cikin 100, wato kusan sau ɗaya a cikin 385. In ka ninka 385 da kuɗin makulli za ka samu wajen dala 960, ban da kuɗin akwatunan kansu. Mai karatu ya juya wannan zuwa naira da canjin yau ya gani. Kuma wannan matsakaicin lissafi ne, mutum na iya buɗe dubu bai ga wuƙa ba.

Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce ɓarnar kuɗi ce kawai. Abin da ya mayar da shi caca ta sosai shi ne ana iya sayar da kayan. Steam na da kasuwa inda 'yan wasa ke ciniki tsakaninsu, Valve kuma yana cire kashi 15 cikin 100 a kowane ciniki na kayan wannan wasa. Ka ga ya ci a makulli, ya sake ci a kasuwa, zai kuma ƙara ci duk lokacin da kayan ya sauya hannu. Hujjar da kamfanin ke kafawa ita ce kuɗin da ke asusun Steam ba a iya cire su zuwa banki, sai dai a sayi wani wasan da su, don haka wai ba kuɗi ba ne. Sai dai kamfanin ya bar ƙofar musayar kaya tsakanin mutum da mutum a buɗe, ta nan kuma ɗimbin shafukan intanet suka taso suna sayen fenti da tsabar kuɗi. A 2024 an ruwaito cewa an sayar da wata AK-47 mai shuɗin fenti da ba a cika samu ba a kan sama da dala miliyan ɗaya. Labari irin wannan shi ne tallar da ta fi kowace talla, domin yaron da ya ji shi ba zai tuna da lissafin 385 ba.

Daga nan fenti ya zama kuɗin shiga gidan caca. Shafuka suka buɗe inda za ka ajiye bindigarka ka yi fare a kan wace ƙungiya za ta ci, ko ka jefa ta cikin tukunya a juya, mai rabo ya kwashe duka. Babu mai tambayar shekarunka da gaske. A 2014 'yan wasan ƙungiyar iBUYPOWER ta Amurka suka bari aka ci su da gangan bayan an yi fare a kan faɗuwarsu, Valve ya kore su daga gasanninsa a farkon 2015. A 2016 aka gano wasu fitattun masu bidiyo a YouTube, Trevor Martin da Tom Cassell, waɗanda miliyoyin matasa ke kallo suna ihun murnar cin caca a shafin CSGO Lotto, ashe su ne masu shafin, kuma ba su faɗa ba. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta sasanta da su a 2017 ba tare da tara ba. Valve ya aika wa shafuka 23 takardar gargaɗi a Yulin 2016, hukumar caca ta jihar Washington, inda hedikwatarsa take, ita ma ta matsa masa lamba a shekarar. Wasu shafukan sun rufe, wasu sun canza suna sun ci gaba, kuma har yau ana yi. A 2019 Valve da kansa ya hana sake sayar da sababbin makullai, yana mai cewa kusan duk makullan da ake juyawa a kasuwa 'yan damfara ne ke amfani da su wajen wanke kuɗi. Idan mai gida da bakinsa ya faɗi haka, ban ga abin da ya rage a yi musu a kai ba.

Masu kare tsarin suna da maganganu, kuma ba duka ne na banza ba. Suna cewa tun Disambar 2018 wasan kyauta ne, talaka a ko'ina zai iya saukewa ya kara da mai kuɗi ba tare da an fi shi makami ba, kuma kuɗin akwatin ne ke ɗaukar nauyin hakan. Gaskiya ne. Suna cewa ba a tilasta wa kowa ba, babba kuma yana da ikon kashe kuɗinsa yadda ya ga dama. Suna kwatanta shi da katunan 'yan ƙwallo da yara ke saya a rufe ba su san wanda ke ciki ba.

Amsata ita ce, a duba su wa ke biyan kuɗin wannan kyautar. Wani rahoto da jami'o'in Plymouth da Wolverhampton suka yi a Ingila a 2021 ya nuna kimanin kashi 5 cikin 100 na masu sayen irin waɗannan akwatuna su ne ke kawo rabin kuɗin da ake samu, kuma da yawansu ba masu hali ba ne, mutane ne da ke da alamun matsalar caca. Kafin nan, a 2018, David Zendle da Paul Cairns sun tambayi 'yan wasa sama da dubu bakwai, suka ga cewa yawan kashe kuɗi a akwati na tafiya tare da tsananin matsalar caca. Binciken bai ce wanne ne ya haifi wanne ba. Amma ko akwatin ne ke koya wa mutum caca, ko kuwa mai matsalar caca ne akwatin ke tatsa, babu wanda ya yi kyau a ciki. Batun katin 'yan ƙwallo kuwa, shagon da ke sayar da kati yana rufewa da dare, kuma sai ka fito da kuɗi a hannu. Akwati yana ɗakin kwana, ƙarfe biyun dare, katin banki na maƙale da asusun, babu mai ganinka.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa wasa ba zai rayu ba sai da akwati. Valorant, wanda kamfanin Riot Games ya fitar a 2020, irin wannan wasan ne na biyar da biyar, shi ma kyauta ne, shi ma fenti yake sayarwa. Yana da tsada, wani lokaci har abin ya ba ka haushi, amma kana ganin abin da za ka saya da farashinsa kafin ka biya, kuma ba a sake sayar da shi. Wannan ciniki ne. Mai saye na iya yin wauta, amma ya san abin da ya saya.

Ƙasashe sun rabu a kan lamarin. Beljiyam ta yanke a Afrilun 2018 cewa akwatunan Counter-Strike da Overwatch da FIFA 18 caca ce, Valve ya toshe buɗe akwati ga mazauna can da kuma Holan. A Faransa ya kawo wata dabara a 2019: na'urar da ke nuna maka abin da ke cikin akwati kafin ka biya, amma ba za ka leƙa na gaba ba sai ka sayi wanda ka gani. An canza wa tuwo suna ne kawai. Birtaniya ta yi dogon nazari, a 2022 ta ce kamfanoni su gyara da kansu. Ostireliya tun Satumbar 2024 ta ɗaga shekarun da ake ba da shawarar yin duk wasan da ke da irin wannan akwati. Abin da na karanta daga wannan shi ne, inda aka yi doka mai haƙori kamfanin yakan bi cikin 'yan watanni, inda aka roƙe shi kuwa sai ya yi kunnen uwar shegu.

Me ya shafe mu?

Wani zai ce wannan matsalar masu kwamfuta mai tsada da wutar da ba ta ɗaukewa ce. Gaskiya ne 'yan Counter-Strike ba su da yawa a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Amma dabarar da aka ƙera a kwamfuta ta daɗe da saukowa cikin waya. PUBG Mobile da Free Fire da Call of Duty: Mobile, waɗanda matasanmu ke kwana a kai, duk suna da nasu akwatunan da keken sa'a da ake juyawa, ana biya da kuɗin wasa irin su UC da lu'ulu'u da CP, waɗanda kuma da naira ake sayensu. Wannan sauya kuɗi zuwa lu'ulu'u ma dabara ce, domin mutum ya daina jin zafin abin da yake kashewa. Bambancin shi ne a waya ba a cika iya sayar da kaya ɗaya-ɗaya ba, sai dai a sayar da asusun gaba ɗaya a bayan fage, inda damfara ta yi yawa.

A 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, a Nuwamban shekarar kuma Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta ƙasa ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Wato yanzu majalisun jihohi ne ke da wuƙa da nama. Sai dai shago ake iya garƙamewa da kwaɗo. Uban da ba zai taɓa yarda ɗansa ya taka ƙofar shagon caca ba, shi ne zai tura masa dubu biyar don ya sayi lu'ulu'u, a zatonsa kayan wasa ne. Ba na tsammanin wata jiha ita kaɗai za ta iya tanƙwara kamfanin da ke Amurka ko China ko Singafo. Amma hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya na iya neman a riƙa bayyana rabon cin kowane akwati da farashinsa a naira, masu tsara dokokin caca na jihohi kuma su sa shi cikin ma'anar abin da suke kira caca, kamar yadda Beljiyam ta yi.

Kafin a kai can, aikin na gida ne, kuma ba ƙwace waya ko fasa kwamfuta nake nufi ba. A zauna a kalli wasan tare da yaron, a tambaye shi ya nuna shagon da ke ciki. A cire katin banki daga asusun. Steam da Google Play da na'urorin Apple duk suna da wurin da ake sa lambar sirri ko neman izinin iyaye kafin a sayi komai. In zai sayi ado, ya sayi wanda farashinsa ke rubuce.

Ga manyan da ke cewa su ba caca suke yi ba, jari suke zubawa a fenti, su tuna da Oktoban 2025. A dare ɗaya Valve ya sauya ƙa'ida, ya ba da damar haɗa kaya biyar masu jan matsayi a musanya su da wuƙa ko safar hannu. Wuƙaƙen da mutane suka ajiye kamar gwal suka faɗi warwas, masu bibiyar kasuwar suka ƙiyasta cewa kusan dala biliyan biyu na darajarta ta zube cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Babu kotun da za a kai ƙara, domin yarjejeniyar da kowa ya danna ya amince da ita lokacin buɗe asusun Steam ta riga ta ce kayan ba mallakarka ba ne, izinin amfani da su kawai aka ba ka.